Gwajin Allura a Huhu: Inda Muke Yin Tuntuɓe

Bara na yi jinyar kawuna a nan Kumasi. Hoton CT, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ya nuna ɗan kulli a huhunsa, kamar ƙwayar gyaɗa. Likita ya ce sai an zura siririyar allura ta tsakanin haƙarƙari, na'urar na nuna hanya, a ɗebo ɗan nama a duba ko sankara ce. Kurakuran da zan faɗa, wasu mu muka yi, wasu a bencin jira na gani.

Mafi girma shi ne ɗaukar "ba a ga komai ba" a matsayin "babu komai". Idan gwajin ya ce sankara ce, da wuya ya yi kuskure, kuma cikin masu sankara 10 yakan gano kusan 9. Amma huhu ba ya tsayawa cik. Kana numfashi kullin na motsi, in kuma bai kai santimita 1 ba, allura na iya goce masa ta ɗebo naman gefe. Haka ta faru da Kawu. Takarda ta fito ba sankara, muka koma Aboabo muka yi sadaka. Da muka koma asibiti likita ya ce, "Baba, naman da aka samu bai isa yanke hukunci ba." Don haka ka tambaya ƙarara: an gano mene ne kullin, ko dai ba a same shi ba ne? In na biyu ne, akwai sake gwaji ko sake hoto bayan 'yan watanni. Kada ka ɓace.

Sai ɓoye magani. Mai shan magungunan tsinka jini irin su warfarin, clopidogrel ko asfirin ya faɗa wa likita tun da wuri, haka ma jiƙon gargajiya. Amma kada ya daina sha da kansa.

Wasu kuwa tsoro ke korarsu, wai allura na watsa sankara. Hakan ba kasafai yake faruwa ba ko kaɗan. Abin da aka fi gani shi ne iska ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, kusan mutum 1 cikin 4 ko 5, kuma yawanci tana bajewa da kanta. Shi ya sa ake riƙe mutum 'yan sa'o'i. In ka isa gida numfashi ya fara sarƙewa, ka juya asibiti nan take. Mai shirin Umara ya tambayi likita kafin ya hau jirgi.

Ka riƙa zuwa da tsofaffin hotunan huhunka. Kullin da ya shekara 2 bai ƙaru ba, sau da yawa ba ya ma buƙatar allura.

Kuma ba kowane kulli ne sankara ba, balle a ƙasarmu da tarin fuka ya yi yawa. Na Kawu, a gwaji na biyu, tarin fuka ne. Ya sha magani wata 6, kyauta, yanzu ya koma rumfarsa a Kejetia.