Yadda Za Ka Tsare Lokacinka Idan Ka Fara Aikin Intanet Daga Gida

Ba zan tsaya kan yadda ake buɗe shafi a Fiverr ko Upwork, wato dandalin intanet da ake samun kwastomomi masu ba da aiki, ba, wannan ko ƙaninka na sakandare zai nuna maka. Yaran da na gani sun fara wannan sana'a a nan Kaduna, masu zane da masu fassara da masu gyaran bidiyo, yawancinsu sun iya aikin. Wata uku ake yi ka ji sun watsar. Idan ka bi diddigi, ranarsu ce ba ta hannunsu.

Matakin farko, ka yanke awannin aikinka, kuma ka ɗaure su da lokutan sallah, don agogon waya ana danne shi a koma barci, kiran sallah kuwa dole ka tashi. Ni dokata ita ce daga dawowa masallacin Asuba zuwa ƙarfe goma, aikin kwastoma kawai. A wannan lokacin unguwa shiru, garin da sanyi ko a watan Afrilu, intanet ma ya fi gudu. Tsakanin Azahar da La'asar na neman sabon aiki ne da amsa saƙonni. Wanda ya ce shi da dare yake iya aiki, to, amma ban taɓa ganin sabon shiga da ya ɗore a haka ba. Ƙarfe biyun dare TikTok ne ke cinye shi.

Mataki na biyu shi ne wanda ya kayar da ni, don haka ka yi haƙuri in daɗe a kansa. Mutanen gidanku ba su san kana aiki ba. Suna ganinka zaune a ɗaki da singileti kana latsa kwamfuta, a wurinsu kai ne wanda ba shi da abin yi. Shekarata ta farko a gidanmu na Tudun Wada ni ne ɗan aiken kowa. Da hantsi Hajiya za ta ɗaga labule ta ce, "Kai, tunda kana gida, je Kasuwar Barci ka karɓo min ɗinkina." Ina dawowa Yaya ya kira, in ɗauko masa yara daga makaranta. Bayan La'asar abokai su turo yaro, ana jirana a majalisa.

Ranar da abin ya fashe, na karɓi fassarar takarda mai shafi 18, wa'adin kwana biyu. Ranar farko na tafi Zariya rakiyar ɗaurin aure, ina cewa ai gobe ma rana ce. Washegari aka wayi gari babu wuta, batirin kwamfuta ya mutu ina shafi na bakwai. Na miƙa aikin da jinkirin awa 11. Matar da ta ba ni aikin ba ta yi faɗa ba, makin tauraro biyu cikin biyar ta ba ni ta yi gaba. Wannan tauraro biyun ya zauna a saman shafina kusan wata biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Ga abin da na yi, kai ma shi za ka yi. Kada ka yi wa mahaifiyarka musu lokacin da ta aike ka, wannan rashin kunya ne kuma babu albarka a ciki. Ka same ta da daddare bayan Isha'i, ka zauna a ƙasa, ka nuna mata aikin a waya. Ni cewa na yi, "Hajiya, daga Asuba zuwa goma a ɗauka na tafi ofis. Duk aiken da ke akwai a tara min, bayan La'asar ni ne naki." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya sa albarka. Maganar ba ta zauna sosai ba sai ranar da kuɗin farko suka shigo na auno mata shinkafa. Daga nan ita ce ma ke korar yara daga ƙofar ɗakina.

Sannan ka yi shigar aiki. Ka yi wanka, ka sa riga, in da hali ka sa hula. Mai singileti ana aikensa, mai hula kuwa sai an nemi izini. Kada ka yi aiki a kan katifa, ko teburin roba ne ka samu. 'Yan'uwa mata, naku ya fi wuya, na sani, don girki da wanke-wanke ba sa jira. Wata da na sani a Rigasa sai da ta yi yarjejeniya da ƙanwarta, yayar ta ɗauki girkin dare gaba ɗaya, aka bar mata safiya ta yi aikinta.

Su kuma abokan majalisa, ba sai ka yi musu bayani ba. Ka je sau ɗaya a rana bayan Magariba, ku sha shayi, ka tashi. Za su ce ka fara girman kai. Su ce.

Mataki na uku, ka sa NEPA a cikin lissafinka kafin ka yi alkawari. Aikin da za ka gama a kwana ɗaya ka ce biyu, na kwana uku ka ce biyar. A Fiverr da zarar an ba ka aiki agogo yake fara ƙirga, ba ruwansa da taransifomar unguwarku. Duk lokacin da aka kawo wuta, ko ƙarfe ukun dare ne, ka jona komai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareto ya zama abin marmari, kada ka fara da shi. Kuɗinka na farko ka sayi ƙaton fawa-banki, in abu ya kankama ka haɗa ƙaramin sola. Layi biyu dole ne, in MTN ya ƙi ka koma Airtel. Ka kuma san wurin gudu tun kafin ranar ta zo, shagon caji ne ko gidan aboki a Malali da wutarsu ta fi taku zama.

Na huɗu, ka san agogon kwastomanka. Da mutumin Landan lokacinku ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni kana gabansa da awa ɗaya. Na New York kuwa ƙarfe taransa na safe shi ne biyu ko ukun ranarka. Saboda haka kada ka ɓata safiyarka kana leƙa waya ko ya amsa, mutumin barci yake. Amma duk saƙon da ya shigo kada ya kwana ba amsa.

Sai batun zuciya. Za ka tura neman aiki ashirin ba wanda ya ce maka uffan, kuma ba wai an tsane ka ba ne. Ka daina ƙirga amsa, ka ƙirga abin da ka tura. Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kullum kafin ka kwanta ka rubuta abu uku na gobe, kada su wuce uku. Ranar da babu aiki ka ƙirƙiro wa kanka, ka zana wa mai shayin layinku tambari ka sa a shafinka.

Kuɗi kuma kada ka ci su a baki. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari, ragowar ma sai sun yi kwana 14 kafin sabon shiga ya iya taɓa su, sannan su bi ta Payoneer, kamfanin tura kuɗi daga ƙasashen waje, su iso bankinka. Kada ka yi wa kowa alkawarin su kafin ka ga alat. In sun shigo, fara ware kuɗin data na wata mai zuwa, sannan na Hajiya.