Yadda ake burodin hambaga mara gulutin da haɗaɗɗen gari

Uwargida, in akwai mai cutar siliyak a gidanki, wato cutar da sinadarin gulutin ke yi wa hanjin mai ita illa, ko wanda cikinsa ba ya shiri da alkama, burodin kanti ba nasa ba ne. Gulutin da ke cikin alkama da sha'ir shi ke sa kwaɓi danƙo har ya riƙe iska. Haɗaɗɗen gari irin na Bob's Red Mill ko Schär yawanci garin shinkafa ne ko na dawa da sitaci, sai ɗan zantan, wani gari mai sa yauƙi, da ke tsayawa a madadin danƙon.

Ki fara wanke kwano da muciya tas, don ɓurɓushin fulawa kaɗan ya isa ya tayar wa mai siliyak da ciwo. Ki jiƙa yis a ruwa mai ɗumi da ɗan sukari, minti 5 zuwa 10, sai ya yi kumfa. Ki zuba ƙwai da mai daidai awon da ke jikin ledar garin, ki juye garin, ki buga kamar minti 3.

A nan mutane ke ɓata aiki. Kwaɓin zai fito ruwa-ruwa, yana kama hannu kamar ƙullin fanke mai kauri, sai zuciya ta ce a ƙara gari. Kada ki ƙara, in ba haka ba burodin zai fito da tauri. Ba a kuma murza shi, tunda babu gulutin da za a tayar. Abin da yake so shi ne abin jingina, don in kin ajiye shi haka kawai bajewa zai yi. Ki ninka takardar alminiyom ki yi zobba masu faɗin santimita 10, ki shafa musu mai, ki jera a tire. Ki zuba kwaɓin zuwa rabin kowane zobe, ki jiƙa yatsu ki lailaye saman.

Tashi ɗaya ya isa, minti 30 zuwa 45 a wuri mai ɗumi. In ya zarce, zai faɗa a cikin oben. Ki shafa ruwan ƙwai, ki barbaɗa riɗi, ki gasa a digiri 190 a ma'aunin Celsius na minti 20 zuwa 25.

Ki bari ya huce sarai kafin ki yanka, domin da zafinsa cikin caɓal yake. Yana saurin bushewa, saboda haka wanda ba za a ci ranar ba ki raba shi biyu ki sa a firiza, in za a ci a ɗan gasa shi a kasko.