Idan tsohuwar Land Rover ta fara tari a kan gudu

Motar na tafiya lafiya cikin garin Sakkwato, amma da an hau titin Illela an taka totur sai ta fara fizga tana tari. Galibi mai ne ba ya isa kafireta, don haka ta nan za ka fara, kada ka yi saurin kwance inji.

1. Da ta fara, ka tsaya ka buɗe murfin tanki. In ka ji iska ta shige da ƙarfi, hujin numfashin murfin ne ya toshe, mai ya kasa sauka. Wanke shi.

2. Cire filtar mai. Tsohon tanki na tara tsatsa, ga ƙurar hunturu. Filtar da ta toshe rabi tana wadatar da inji a hankali, amma a kan gudu sai ta gaza. Canza ta kawai, kuɗinta kaɗan ne.

3. Zare tiyo daga kafireta, sa bakinsa cikin kwalba, wani ya buga sitata. Inji ya zama a sanyaye, kuma babu mai sigari kusa, don Allah. In man na ɗiga ne ba ya tsartowa, fanfon mai ya gaji. In kuma sai da zafin rana na Afrilu take yi, duba ko tiyon na kusa da salansa, man na tafasa a ciki.

4. Wanke babban jet na kafireta (ɗan hujin da mai ke bi), da filtar iska.

5. Sai wuta: fulogi, wayoyi, kwayil. Tazarar kwantak (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa cikin distiributa don ba fulogi wuta) ta kasance kusan milimita 0.4; in za ka canza shi, ka canza kwandansa (ɗan gwangwanin da ke haɗe da kwantak) tare da shi.

Abu ɗaya ɗaya za ka riƙa gyarawa, kana gwada ta a titi.