Yadda na gyara ɗ da ƙ a allon shago

Mai kilishi a babbar kasuwar Maradi ya so allon shagonsa da haruffan zamani marasa ƙafa (wato babu 'yan layukan ado a bakinsu), masu karkata dama. Suna jan ido ko mutum yana bisa kabu-kabu. Da na rubuta "ɗanɗano mai ƙayatarwa", sai ɗ da ƙ suka tsaya ƙiƙam, sauran suka karkata. Ashe salon ba shi da haruffa masu lanƙwasa, kwamfuta ce ta aro su daga wani salo.

Na sauke wani salon haruffa mai suna Noto Sans Italic na Google, kyauta ne, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ duk suna ciki. Lambar waya kuwa na bar ta a miƙe, don ta fi karantuwa daga nesa. Na kai wa mai bugu a PDF, kada injinsa ya sauya haruffan.