Darasi na 7: Injin da ke haɗa mai da ruwa

Ku zuba ruwa rabin kwalba, ku ƙara man gyaɗa cokali biyu, ku girgiza da ƙarfi, sannan ku ajiye. Kafin mu gama darasin nan man ya taso sama abinsa. Matan Maraɗi masu haɗa man shafawa sun san wannan damuwa sarai.

Masana'antu suna da injin wannan aiki. Ku tuna dutsen niƙa: uwar tana zaune, ɗan yana kai da komowa. Kan injin ma kashi biyu ne. Akwai zoben ƙarfe mai huji-huji wanda ba ya motsi, a cikinsa kuma akwai ƴar farfela mai juyawa, sau da yawa wajen sau 3,000 a minti ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu galibi ba ta kai milimita 1 ba.

Farfelar tana zuƙo ruwan daga ƙasa, ta wurga shi gefe, ya matse a wannan ƴar tazara, ya fita ta hujin da ƙarfi, ya zagayo ya sake shiga. A nan man ke daddatsewa ya zama ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, gudajin gari kuma ya watse. Maburgi ba zai iya wannan ba, ko hannu zai tsinke. Amma injin kaɗai bai isa ba, sai an sa abin da zai riƙe haɗin, kamar yadda gwaiduwar ƙwai ke riƙe mayonez.

Abu mai kauri, irin man goge baki, ba ya gangarowa wurin farfela da kansa. Na kusa da ita ya yi zafi, na gefen tukunya yana nan yadda yake. Shi ya sa ake haɗa injin da wata babbar muciya mai juyawa a hankali, tana kankaro gefe.

Kada a kunna shi babu komai a tukunya, zai lalace. A tabbata kan injin ya nutse sosai a cikin haɗin, in ba haka ba ya ja iska, haɗin ya cika da kumfa. Abin da na fi roƙonku: kafin wanki a zare waya daga soket, ko da an ɗauke wuta, domin tana iya dawowa yatsa na ciki.

Yanzu ku duba kwalbarku. Ku rubuta a littafi: ina man yake?