Yadda Ake Shirya wa Matashi Liyafa a Tsakar Gida Kafin Dogon Hutu Ya Ƙare

A ƙasashe da dama na arewacin duniya, ƙarshen watan Agusta da farkon Satumba shi ne lokacin da dogon hutun makaranta yake ƙarewa, zafi ya fara sauƙi da yamma, rana kuma ta riƙa faɗuwa da wuri fiye da yadda take yi a watan Yuni. A waɗannan makonni ne al'amura suke taruwa a kan matasan gida: wani sakamakon jarrabawarsa ya fito, wata ta samu gurbi a jami'a tana haɗa kaya, wani kuma ya karɓi lasisin tuƙi. Ba laifi ba ne iyaye su tara 'yan uwa da abokan arziki don taya murna, amma taron yakan rasa armashi idan suka manta cewa na yaron ne, ba nasu ba.

Saboda haka, kafin a sa rana, a zauna da wanda za a yi taron dominsa a ji ta bakinsa. Matashi ɗan shekara 15 ko 17 yana jin kunya ta hanyar da manya suka riga suka manta, kuma abin da uwa take ɗauka yabo ne, kamar karanta makinsa a gaban jama'a ko fito da hotunansa na jarirantaka, shi yana iya jin sa kamar tozarci. A tambaye shi su wa yake so su zo, a kuma yarda da jerin sunayen da ya kawo, ko da an ga babu wani abokin da aka saba gani, domin abota a wannan shekaru tana sauyawa ba tare da an sanar da iyaye ba. Inda ake son manya su halarta, dabarar da ta fi dacewa ita ce a raba lokacin biyu, dangi su zo da wuri a gaisa a ci abinci, sannan a bar wa matasa filin. Jawabi ya zama gajere, kuma kada a kwatanta shi da yayansa ko ƙaninsa, musamman idan sakamakon bai kai yadda aka yi fata ba. Haka nan, a nemi izininsa kafin a ɗora hotonsa a Facebook ko WhatsApp.

Bayan haka a damƙa masa aiki na gaske. A gaya masa iyakar kuɗin da aka ware, a bar shi ya rubuta abubuwan da za a saya, ya tsara wurin zama, ya kula da fitilu. Abin da ya fi wuya ga iyaye a nan shi ne su kame hannunsu idan suka ga ya jera kujeru ba yadda suke so ba, amma wanda zai bar gida nan da makonni kaɗan ya fi buƙatar wannan horo fiye da yadda taron yake buƙatar tsari mai kyau.

Gyaran tsakar gida ya fara tun saura mako guda ko fiye. Sauro yana ɗaukar kimanin kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai zuwa girma, don haka a zubar da duk ruwan da ya kwanta a bokiti, tsohuwar taya ko ƙarƙashin tukunyar fulawa. A fara taron kamar sa'a biyu kafin faɗuwar rana, a tanadi rumfa ko ɗaki idan ruwan sama ya sauko, a ɗauke wayoyin lantarki daga hanya da kuma inda lema za ta iya taɓa su. Maƙwabta kuma a sanar da su lokacin da za a tashi, sannan a cika alkawarin.

Abinci ne inda ganganci ya fi tsada. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selshiyos, shi ya sa ba a barin dafaffen abinci a waje fiye da sa'a biyu, idan kuma zafin gari ya wuce digiri 32, sa'a ɗaya kawai. Ya fi kyau a riƙa fito da shi kaɗan-kaɗan maimakon a shimfiɗa komai tun farko. Idan za a gasa kaza, cikinta ya kai digiri 74, kuma farantin da ya ɗauki ɗanyen nama kada ya koma ya ɗauki gasasshe. Murhun gawayi da janareta su tsaya a fili, nesa da taga, ko da ruwa ya sauko, domin iskar gubar da suke fitarwa ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri.

Maganar komawa gida a gama ta tun kafin baƙi su iso. Sabon direba da ya ɗebi abokansa cikin dare yana cikin haɗari fiye da lokacin da yake tuƙi shi kaɗai da rana, har wasu ƙasashe suka taƙaita hakan a doka, don haka kada murnar lasisi ta sa a miƙa masa makulli a wannan dare. Babba ɗaya ya kasance a gida har ƙarshe, inda ake ganinsa amma ba a tsakiyar hira ba.

Kada kuma a sa taron a daren jajibirin komawa makaranta. Matasa suna buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10, jikinsu kuma yana jinkirta jin barci da dare, hutu ya ƙara dagula lamarin. A bar aƙalla mako guda tsakanin liyafar da ranar komawa, a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 zuwa 20 kowane dare har ya daidaita.