Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Yanke Shawarar Riƙe Tafkin Ninkaya na Gida ko Cike Shi da Ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin masu tafkin ninkaya a bayan gida shi ne jan ƙafa, wato a ƙi kula da shi kuma a ƙi cike shi da ƙasa. Sai a kashe injin da ke juya ruwan, a daina zuba sinadarin kulorin, ana cewa za a duba lamarin idan hali ya yi. A lokacin zafi, 'yan kwanaki sun isa ruwan ya rikiɗe ya zama kore, kuma sauro, wanda kan kai ga girma daga ƙwai cikin kimanin kwana 7 zuwa 10, ya samu matsuguni. Maganin wannan shi ne mai gida ya sa wa kansa wa'adin yanke hukunci, ya kuma ci gaba da kula da ruwan har wa'adin ya cika.

Wasu kuma sukan kwashe ruwan baki ɗaya da zaton sun huta, alhali wannan ya fi haɗari. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da matsakaicin zurfin mita 1.5 yana ɗauke da lita 48,000, wato nauyin tan 48, kuma wannan nauyin ne ke danne shi a mazauninsa. Idan aka bar shi wayam sannan aka tafka ruwan sama, ruwan ƙarƙashin ƙasa na iya ɗago shi kamar kwalekwale, kankaren ya tsage, bututun su karye. Kada a kwashe ruwan sai da shawarar gwani wanda ya san yanayin ƙasar wurin.

Akwai kuma masu kafa hujja da dukiyar da suka kashe wajen gina shi. A ganina wannan ba hujja ba ce, domin kuɗin sun riga sun tafi ko an riƙe shi ko an cike. Lissafin da ya dace shi ne a tara abin da yake ci a shekara, na lantarki da sinadarai da ruwa da inshora, a ƙara da kason manyan gyare-gyare, tunda shimfiɗar robar da ake lulluɓe cikin tafkin da ita kan buƙaci sauyi bayan kimanin shekara 10, fuskar kankare kuma bayan 10 zuwa 15, sannan a raba jimlar da yawan ranakun da aka shiga ruwan a bara. Mutane da dama sukan sha mamakin abin da wanka ɗaya yake ci musu, musamman bayan yara sun girma sun bar gida.

Haka nan bai kamata a yanke wa tafki hukunci don kawai ruwansa yana raguwa ba, domin rana da iska ma suna shanye shi. Gwajin mai sauƙi ne: a cika bokiti da ruwan tafkin, a ajiye shi a kan matakala, a yi alamar inda ruwa ya tsaya a cikinsa da kuma inda na tafkin ya tsaya a wajensa, a dawo bayan awa 24. Idan raguwar ɗaya ce, babu yoyo. Idan na tafkin ya fi sauka, akwai shi, kuma sau da yawa ɓarakar ba ta wuce mahaɗar bututu ba.

Ga wanda ya zaɓi cirewa, babban tarko shi ne rashin bambance hanyoyi biyu. A ta farko ana huda ƙasan tafkin domin ruwa ya riƙa wucewa, a rushe saman bangon, a zuba ɓaraguzan ciki a rufe da ƙasa. Ta fi araha, amma a wurare da yawa ba a yarda a yi gini a kan irin wannan fili ba, kuma wajibi ne a sanar da mai saye ranar da za a sayar da gidan. A ta biyu ana kwashe komai. Kowacce aka bi, dole ne a nemi izinin hukuma inda doka ta tanada, a yanke layin lantarki, a kuma zuba cikon kashi-kashi ana daɓewa da inji. Wanda ya juye ƙasar a lokaci guda zai ga filin ya lotsa bayan ruwan sama na farko.

Batun cewa tafki yana ƙara wa gida daraja kuwa ya danganta da yanayin yankin da ra'ayin masu saye, don haka dillalin gidaje ya fi dacewa a tambaya.

Wanda ya zaɓi riƙewa, kada ya ɗauka katangar gida ta wadatar, domin ba ta raba tafkin da ƙofar ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yara 'yan ƙasa da shekara 5 cikin waɗanda nutsewa ta fi yi wa barazana, kuma yaro kan nutse ne shiru ba tare da ihu ba. Abin da ake buƙata shi ne shinge ta ɓangarori huɗu, mai tsayin aƙalla mita 1.2, da ƙofar da ke rufe kanta, sakatarta kuma a can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.